Kuɗin Bincike da Kuɗin Cizo

Duk wanda ya ce ilimin jami'a bai tsinana wa harkar otal komai ba a ƙasar nan, to bai taɓa sauka Kaduna ko Abuja ko Kano a makon da ake taron bita ba. Ya zo ya ga yadda ake neman ɗaki kamar ana neman ruwa a tsakiyar bazara. Ya ga motocin makarantu jere a haraba, kowace da tambarinta a ƙofa, direbobi sun baje a gindin dalbejiya suna jiran a tashi. Ya leƙa zauren taro ya ga farin ƙyalle a kan tebur, ga ruwan roba, ga alewa a faranti, ga ɗan littafi da biro a gaban kowace kujera, ga wani na ta hura lasifika yana gwada ko tana aiki. A nan ne zai gane cewa malaman da aka ba tallafi su binciko dalilin da ya sa otal-otal ba sa samun baƙi sun gano maganin tun kafin su fara binciken. Su da kansu suka zama baƙin.

Ni dai na yaba, kuma ina ƙalubalantar kowane fanni na ilimi ya fito ya nuna mana nasara irin wannan. Likitan da aka ba kuɗi ya binciki zazzaɓin cizon sauro sai ya shekara yana leƙen madubi, kuma ko ya gama sauron na nan da ransa. Malamin gona mai yaƙi da ƙuduji sai ya jira damina biyu ko uku kafin ya san inda ya dosa. Amma malamin harkar saukar baƙi, ranar da kuɗi suka shiga asusu ranar majinyacinsa ke tashi zaune. A kama ɗaki don tsara bincike. A kama ɗaki don horar da mataimaka. A kama zaure don tantance tambayoyi, a sake kamawa don tantance amsoshi, sannan a rufe da taron sanar da masu ruwa da tsaki abin da aka gano, inda kowa ke samun shinkafa da rabin kaza. Kafin a rubuta babi na ɗaya an riga an farfaɗo da masana'antar.

Kuɗin nan kuwa suna da asali, ba tsintuwa ba ce. A 1992 ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, a zamanin shugabancin Attahiru Jega, ta yi yajin aikin da ya kai ga yarjejeniya da gwamnatin Babangida. Daga nan aka yi doka a 1993 wadda ta ɗora wa kamfanoni harajin ilimi, kashi 2 cikin 100 na ribarsu. A 2011 aka sake wa asusun da ke tara harajin fasali ya koma TETFund, aka keɓe shi ga jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi na gwamnati. Harajin ya yi ta hawa har ya kai kashi 3 a 2023. A cikin abin da asusun ke rabawa akwai babban tallafi na ƙasa, mai kai gomman miliyoyi, wanda ake takara a kansa, akwai kuma ƙarami da ke bi ta hannun kowace makaranta, wanda a shekarun baya aka tsayar da shi a naira miliyan 2 ga bincike guda.

Sai mai hankali ya tsaya ya dubi kyan tsarin. Babban otal in ya ci riba ya biya haraji. Harajin ya tafi Abuja ya zama tallafi. Tallafin ya sauko jami'a ya shiga hannun Dakta. Dakta ya ɗauko shi ya dawo da shi kan kantar otal ɗin a matsayin kuɗin ɗaki da na zaure da na shayin ƙarfe 11. Ko ruwan sama da ke komawa kogi bai fi wannan riƙon amana ba. Abin da ya rage a hanya kuwa, ai ko guga ba ya fitowa daga rijiya bai zubar da kaɗan ba.

Abu na biyu da ya cancanci jinjina shi ne tausayin da masu binciken ke yi wa kwamitin tantancewa. Ba sa wahalar da dattawa da sabon abu. Take guda ne ake gado tun kaka da kakanni: tasirin ingancin hidima a kan gamsuwar baƙi a wasu zaɓaɓɓun otal-otal a birnin kaza. Wanda ya yi na Kano bana, baɗi ƙaninsa ya yi na Katsina. Wanda ya ga an gama da birane ya sauya kalma ɗaya, gamsuwa ta koma dawowar baƙi, hidima ta koma kyautata wa ma'aikata, shi ke nan an samu giɓi a fagen ilimi da ke bukatar cikewa cikin gaggawa. Kalmar da ta fi burge ni ita ce zaɓaɓɓu. Na daɗe ina son sanin yadda ake zaɓen, sai na lura otal ɗin da ke da injin da ke kaiwa asuba ya fi saurin cin zaɓe.

Kayan aikin ma na gado ne, kuma daga nesa aka yo odarsu. Akwai wani ma'auni da malamai uku suka fitar a Amurka a 1988, mai tambayoyi 22, wanda suka gwada a kan banki da kamfanin tarho da masu gyaran kayan gida. Shi ne aka ɗauko kacokan aka dasa a Sabon Gari. Yana tambayar baƙo ko ma'aikata sun yi shiga mai kyau, ko kayan aikin wurin na zamani ne, ko ana ba shi kulawa ta musamman. A cikin 22 ɗin babu inda aka tambayi ko famfo na kawo ruwa, domin waɗanda suka rubuta ba su taɓa tunanin akwai famfon da aka girka don ado ba. Malamanmu kuma, saboda ladabi, ba sa ƙari a kan maganar magabata. Sai a jera wa baƙo akwatuna 5, daga ban gamsu ba sam zuwa na gamsu ƙwarai, a ce ya zaɓi ɗaya. Yawan mutanen da za a tambaya kuwa, wani masanin lissafi mai suna Taro Yamane ya hutar da kowa tun a littafinsa na 1967. Ƙa'idarsa tana da albarkar da ko mutanen duniya kaf ne abin bincikenka, amsar ba za ta wuce 400 ba. Na tabbata bawan Allahn nan bai san yawan magadan da ya bari a Najeriya ba.

Yadda ake samo waɗannan mutum 400 ɗin, ni ganau ne.

Wata tafiya dare ya yi mini a wani gari, na sauka a wani otal da ba zan faɗi sunansa ba. An ba ni ɗaki da bokiti biyu da tawul ɗin da ya ga jiya ya ga yau. Ƙarfe 12 aka kashe inji, kamar yadda aka rubuta a bayan ƙofa. Duhu na rufawa sai ainihin masu ɗakin suka fito karɓar baƙo. Ban taɓa ganin ma'aikata masu himma irin kuɗin cizon wannan katifa ba: ba su jira an kira su ba, ba su bar wani sashe na jikina ya yi ƙorafin an manta da shi ba, kuma kulawa ta musamman da ma'aunin Amurkawa ke magana a kai na same ta a cike. Wajen ƙarfe 2 na sallama musu gadon na fito. A kanta na tarar da yaron da ya karɓe ni ya jingina waya da kwalba tana haska masa, ga tarin takardu a gabansa, ga biro kala uku.

Na ce, "Sannu da ƙoƙari, samari. Jarrabawa ce ta gabato?"

Ya ce, "A'a Baba, aikin Dakta ne. Tambayoyi ne ya kawo baƙi su cike, jibi zai aiko a karɓa."

"To ina baƙin?"

Ya yi murmushi. "Ai kai ne, Baba, sai wani direba a ɗakin ƙarshe. Shi kuma ya ce a ƙyale shi ya yi barci."

Sai ya nuna mini sirrin sana'ar. In ya cike goma da shuɗi sai ya koma baƙi, wani lokaci ya karkata takardar don hannun ya bambanta. In ya yi na gamsu ƙwarai sau biyar a jere sai ya jefa ban yanke shawara ba guda ɗaya, domin an gargaɗe shi kada abin ya yi kyau da yawa, kwamfuta tana ganewa. A daren nan kaɗai yaron ya zama ɗan kasuwa daga Legas, ya zama ma'aikaciyar jinya mai shekara 31 zuwa 40, ya zama mai digiri na biyu da ke zuwa sau uku a shekara. Na roƙe shi ya ba ni ɗaya in cike da hannuna, ko a samu baƙo na gaske guda a cikin 400. Na duba gaba na duba baya ina neman gurbin kuɗin cizo, babu. Na tambaye shi ko akwai takardar da aka kawo ta ma'aikata. Ya ce babu. Na ce da an kawo me zai rubuta? Ya ce wata uku ke nan bai ga albashi ba, da abin da baƙi ke bari yake cin abinci. Ladan wannan aiki kuwa, an yi masa alkawarin katin waya.

Ina roƙon a sa sunan irin waɗannan yara a shafin godiya. Su ne ginshiƙin ilimin nan.

Daga nan sai takardu su shiga kwamfuta, manhajar lissafi ta SPSS ta taune su ta fito da teburori, a sanar da duniya cewa an samu dangantaka mai ƙarfi tsakanin kyautata wa baƙo da jin daɗin baƙo. Wato an tabbatar a kimiyyance cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, abin da kakata ta sani ba tare da an ba ta ko anini ba, sai dai ita ba ta da tebur na 4.7. Shawarwarin ƙarshe guda uku ne, ba sa tsufa. Gwamnati ta samar da yanayi mai kyau. Masu otal su riƙa horar da ma'aikata. A ƙara gudanar da bincike a wannan fanni. Masu cewa ba a aiwatar da shawarwarin malamai a ƙasar nan su ji tsoron Allah, domin ta ukun ba ta taɓa kwana ba a aiwatar da ita ba.

Sai bugawa. Akwai mujallu masu tsaurin ido da kan riƙe takarda wata shida su dawo da ita da jan biro. Akwai kuma masu karamci, waɗanda suka fahimci harkar karɓar baƙi fiye da otal ɗin kansa: ka aika ranar Litinin, ka biya da dala ranar Talata, ranar Alhamis ka zama marubuci na ƙasa da ƙasa. Ba sa mayar da baƙo. Rahoton kuma a yi masa bango mai kauri da rubutun ruwan zinare, a kai kwafi ofishin bincike, a jera a sito. A can yake samun mai karatunsa na haƙiƙa, wato gara, wadda ke bin sa shafi bayan shafi har ta kai ga manazarta ba ta tsallake ko layi ɗaya ba.

Wani zai ce a dubi ƙasashen da suka riga mu. To mu duba, mu ga irin wahalar da suka jawo wa kansu. A Luzan ta ƙasar Suwizalan an buɗe makarantar koyon aikin otal tun 1893. Jami'ar Cornell ta Amurka ta fara nata a 1922, kuma har yau akwai otal na gaske, Statler, a tsakiyar makarantar, inda ɗalibai ke ɗaukar faranti suna gyara gado. A Kenya ma kwalejin Utalii ta Nairobi, wadda aka buɗe a 1975, da otal ɗinta take koyarwa. Ka ji wulaƙanci: mutum da digirinsa a sa shi shiga kicin. Binciken nasu kuma ba shi da tausayi. A 2009 masu bincike na Cornell suka fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a gidan abinci na gaske, inda suka ga cewa in aka rubuta farashi da lamba zalla, aka cire alamar dala, masu cin abinci sun fi sakin kuɗi. Wasunsu sun ƙare rayuwarsu a kan yadda za a riƙa ɗaga kuɗin ɗaki da sauke shi gwargwadon cunkoso. Ilimi ne da masu otal ke rububi, domin hanya ce ta shiga aljihun baƙo yana murmushi. Mu kuwa alhamdu lillahi, bincikenmu bai taɓa cutar da aljihun baƙo ba. Bai taɓa cutar da kowa ba. Abin da ba a karanta ba ai ba ya cutarwa.

Masu hassada ba sa ƙarewa, har a cikin gida. A farkon 2020 daraktan bincike na TETFund da kansa ya fito ya ce akwai malaman da ke karkatar da kuɗin bincike su sayi mota su gina gida, jaridu suka yi ta yayatawa. Abin da ya fi ƙayatar da ni a labarin shi ne wurin da aka yi wannan faɗan: wani taron horarwa ne a Dubai. Ka ga an yi wa almubazzaranci wa'azi a inda ya dace, kuma an tallafa wa harkar otal har ta ƙetare. Game da zargin kansa, ni ban ga abin tashin hankali ba, musamman a wannan fanni. Malamin saukar baƙi in ya gina gida da ɗakin baƙi a gaba, ai aikin gwaji ya yi. In ya sayi mota, ai sufuri reshe ne na yawon buɗe ido.

A farkon shekarar dai ta 2020 aka rushe otal ɗin Durbar na Kaduna, wanda aka gina don saukar baƙin hawan daba na bikin FESTAC a 1977, bayan ya daɗe a rufe ana shari'a a kansa. Wannan ya kawo ni ga halin da na fi girmamawa a wurin masu cin tallafin nan, wato kunya. Mutumin kirki ba ya tono gawa. Arewa cike take da maƙabartun otal, kuma mai tarbiyya in ya zo wucewa sai ya sunkuyar da kai. Audu Bako, gwamnan Kano na farko, ya gina otal a bakin tafkin Bagauda, ya ɗora wani a kan dutse a Tiga yana kallon madatsar ruwa. Na Bagauda yanzu reshen makarantar horar da lauyoyi ne. Na Tiga ya shafe shekaru iska ce ke kwana a cikinsa. Labarin otal ɗin Daula da ke titin Murtala Muhammad ya fi kowanne daɗin ji. Gwamnati ɗaya ta mayar da shi makarantar koyon aikin otal da yawon buɗe ido, har ya shiga hannun jami'ar Wudil. Wadda ta biyo ta ta miƙa filin ga 'yan kasuwa su yi gini. Wadda ta biyo wannan kuma ta aiko da katafila a watan Yunin 2023. Wuri ɗaya ya zama otal, ya zama makarantar otal, ya zama shaguna, ya zama ɓaraguzai. Mai neman fitina ne zai ce a nan tambaya take, a bi takardu, a gano wa ya ci me, me ya sa otal ɗin gwamnati ba ya tsufa da mutunci. Irin wannan bincike yana jawo kiran waya daga sama. Kuma ɓaraguzai ba sa cike takardar tambayoyi.

Haka sauran tambayoyin da ladabi ya hana. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin farko zuwa naira 225 kowane ma'auni, fiye da ninki uku, a lokacin da litar dizal ta riga ta haura naira 1,000. Nawa ke saura wa mai otal mai ɗaki 20 bayan ya biya wuta da mai da masu karɓar haraji kala-kala? Tun da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari a ranar 28 ga Maris 2022, taro nawa aka ɗauke daga Kaduna? A Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin al'adun duniya da ake taskacewa, a ƙaramar sallar da ta biyo baya 'yan sanda suka hana hawan. Ɗaki nawa ya kwana ba kowa a wannan mako? Bikin kamun kifin Argungu, wanda aka faro a 1934, ya yi kusan shekara 10 a dakace kafin a dawo da shi a 2020. Me masu masauki da masu abinci na garin suka ci a tsakani? Ma'aikatar yawon buɗe ido ta tarayya ma da aka ba cin gashin kanta a Agustan 2023, kafin ƙarshen Oktoban 2024 an haɗe ta da ta al'adu. Duk waɗannan sai an yi tattaki, an sha rana, an zauna da akawun otal an roƙe shi ya buɗe littafi. Ga akwatuna 5 a inuwa, wa zai bar su?

Ma'aikata kuwa an kyauta da aka bar su cikin rufin asiri. Naira miliyan 2 ta fi albashin shekara 2 na mai wankin zanin gado, in ma ana biyansa mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, kuma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wanda nan ne ƙananan otal-otal da yawa suka faɗa. Ga kuma babbar maganar da kowa ya sani a Arewa: a kunnen mutane da dama kalmar otal ba masauki take nufi ba. Yarinya ta yi shekara 4 tana karatun fannin, ta fito da sakamako mai kyau, mahaifinta ya ce ba da sunansa ba, manemi ya ji inda take aiki ya ɗauke ƙafa. Sai ta koma yin kek da cincin a gida tana tallatawa a WhatsApp. Wannan ƙulli ne da ya shafi aure da mutunci da addini da abinci gaba ɗaya. Da an taɓa shi da an ɓata wa mutane rai. Gara a tambayi baƙo ko labulen ɗakinsa ya dace da fentin bango.

Ban ma so in tuna da fatoma, don kada a ce ina ƙauyanci. Tun kafin a san otal, fatake na sauka a zango, kuma mai masauki ne ke ba su ɗaki da tuwo, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da dillali, ya tsaya musu in an ɗauki kaya bashi. Wani malami daga Ingila, Abner Cohen, ya tare a Sabo ta Ibadan fiye da shekara guda yana nazarin yadda masu gidajen Hausawa ke riƙe da cinikin shanu da goro ta wannan hanya, ya fitar da littafi a 1969. Polly Hill ta yi irin wannan a Kumasi. Dubi ɓata lokaci. Har gobe tsarin na nan a Dawanau da karar Wudil, ga masaukan direbobi a Mararrabar Jos da Tafa, ga masu shayi da masu tuwo na tasha da ke ciyar da matafiyan da duk otal-otal ɗin ƙasar in an haɗa ba za su iya ba. Amma waɗannan suna da aibu biyu da ba a yafewa. Ba su da na'urar sanyaya ɗaki, kuma ba sa ba da rasit.

Rasit kuwa shi ne ran bincike. Kuɗin kashi-kashi ake sakinsu, ba a ba ka na gaba sai ka yi ritayar na baya, wato ka kawo shaidar inda kowace naira ta shiga. Ofishin kuɗi ba ya tambayar me ka gano, tambayarsa ina hatimi. A nan ne haɗin gwiwar jami'a da masana'anta, wanda ake ta jawabi a kansa a bikin yaye ɗalibai, ya kai maƙura. Malami ya kawo wa otal ciniki, otal ya ba malami rasit mai hatimi wanda ya bar masa gurbin kwana da na adadi ya cike da kansa, don girmama iliminsa. Kwana biyu su haifi bakwai. Babu wanda ya yi asara sai wanda ba ya wurin.

Kada a ce na manta da gwamnati a rabon yabo, domin hikimar asali tata ce. Ita ta bar yarjejeniyar da ta yi da ASUU a 2009 ta yi fiye da shekara 10 ana jan ƙafa a kan sabunta ta. Ita ta zuba ido aka rufe jami'o'i daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022, ta kuma riƙe albashin watannin. Mutumin da mai shago ya daina amsa sallamarsa, wanda aka koro 'ya'yansa daga makaranta, shi aka miƙa wa miliyan 2 aka ce ya je ya ƙirgo murmushin ma'aikatan otal. An ba mai azumin dole ajiyar tuwo da miya, aka ce in ya dawo da kwanon a wanke an gode. Ta haka aka huta da ƙarin albashi, aka kuma samu adadin binciken da za a karanta a jawabi.

Akwai dai 'yan tsiraru masu taurin kai da ke neman ɓata tsarin. Za ka ga malama ta ɗauki littafi ta zauna a kicin ɗin otal mako shida tana auna abincin da ake zubarwa. Za ka ga wani ya bi motar haya har Yankari, ya kwana ya tashi yana hira da masu gadin daji da masu share ɗakuna, kuɗin tallafi su ƙare ya ci gaba da na aljihunsa. Irin waɗannan ba sa samun rasit ɗin da ya dace, ritayarsu ta maƙale, kashi na biyu ya ƙi fitowa, abokansu su yi musu fintinkau da takardu goma a lokacin da su suke fama da ɗaya. Tsarin da kansa yake hukunta su, ba sai an kafa kwamiti ba, kuma wannan ma abin yabo ne.

Don haka roƙona ga hukuma shi ne a dubi tsadar rayuwa a ƙara kuɗin. Ɗaki ya yi tsada, kaza ta yi tsada, katin waya ma ba kamar da ba, kuma akwai garuruwa da dama da har yanzu ba a gano ko baƙinsu na son a kyautata musu ba. Kai kuma mai karatu, in tafiya ta kai ka otal aka miƙo maka takardar nan, kada ka ɓata wa Dakta lissafi. Ka sosa inda ke maka ƙaiƙayi, ka nemi akwati na 5 ka sa alama. In kuma ba a miƙo maka ba, kada ka damu, yaron kanta ya riga ya cike taka.